Pelopidas Ya Ta da Matacciyar Tsaga

A garinmu Kerasuli, idan ka ce ka taɓa kama kifi mai tsawon hannu, Pelopidas zai ce shi da irin wannan yake ɗana ƙugiya. Gajeren mutum ne mai ƙaton gashin baki, yana da gidan abinci a bakin titi wanda tebura kaɗan ne a ciki, amma in yana ba ka labarinsa sai ka rantse ministoci layi suke bi. Girkin ma ba nasa ba ne. Matarsa Evdokia ce ke tsaye gaban murhu tun safe, shi nasa aikin kaɗa carbin wasa a bakin ƙofa da koya wa masu wucewa yadda ake mulkin ƙasa.

Abin da ya tsaya masa a maƙoshi shi ne zancen tsaga. Ƙasarmu dai a tsattsage take ta ƙarƙashi, kowane gari da tasa, kuma in ɗaya ta motsa sai kwanuka su zubo daga kanta. Shekarun baya wata farfesa mai suna Kalliopi ta zo da 'yar gudumarta, ta ƙwanƙwasa tamu da ke gindin dutse, ta ce matacciya ce, rabonta da motsi tun kafin a halicci akuya. Ta gangara Platanaki, garin da ke ƙasa da mu, ta ce tasu mai rai ce. Da masu hankali ne da sun tsorata, amma mutanen Platanaki sai suka share hanya suka kafa allo mai hotuna. Tun daga nan duk shekara motar ɗaliban Farfesa ke wucewa ta ƙofar Pelopidas ba ko taka birki, ta tsaya a can, su kalli tsaga, su cika gidan abincin Vangelis su cinye masa akuya biyu.

Wata rana Evdokia ta juye wa kaji tukunyar waken da ko cokali ba a saya ba, ta goge hannu a zane.

"Pelopidas, na gaji da yi wa kaji girki. In bana motar nan ba ta tsaya a ƙofar nan ba, zan rufe kicin in koma Patras wurin 'yata."

"Haba Evdokia tawa, kin san wanda kike aure kuwa?"

"Na sani. Shi ya sa na riga na fito da akwati."

Evdokia ba ta maimaita magana, kuma Pelopidas ya san haka. Shi kuwa ko ƙwai bai iya soyawa ba, ban da ma haka yana son matarsa, ko da yake bai taɓa samun sararin gaya mata ba saboda yawan labarin kansa. Ya fito wurin tsofaffin da ke yini a teburinsa da kofin gahawa ɗaya, ya buga ƙirji.

"Tsagarmu ba mutuwa ta yi ba, barci take. Farfesa da rana tsaka ta zo, lokacin da ko kare a garin nan a kwance yake. Wa zai tashi ya motsa mata?"

Barba Fotis, tsohon da harshensa ya fi aska, bai ɗaga kai daga kan dara ba.

"To kai ne za ka yayyafa mata ruwa?"

"Kafin motar ɗalibai ta zo, za ku ga tsagar Kerasuli tana tafiya da ƙafarta."

"In ta tashi ka aike ta ta sayo min taba."

Pelopidas ya jawo ƙanen matarsa, Stamatis, wanda yake da ƙaramar motar haƙa ƙasa da kuma kai marar musu. Suka ja huluna har kan ido suka gangara Platanaki don su karanta allon abokan gaba. Allon ya ce tsaga iri uku ce. Akwai wadda ɓangare ɗaya ke zamewa ƙasa, akwai wadda ɓangare ɗaya ke hawa kan ɗan'uwansa, akwai mai tafiyar kaguwa, wato gefe-gefe. Ya kuma ce ana gane mai rai ne idan ta yanka sabon abu, kamar katanga ko hanya ko ƙasar noma. Matacciya kuwa ƙasa ta rufe ta lumui ba ko tabo.

"Ashe abin ba wuya," in ji Pelopidas. "Shekara nawa suka yi a jami'a kan wannan?"

Aikin ya fara shi da rana tsaka, lokacin da garin kan rufe tagogi a kwanta bayan abinci, yana ganin ba mai ganinsa. Ya manta tsofaffin matan Kerasuli ba barci suke ba, ta tsakanin katakon taga suke kallon duniya. Katangar garken awakin wata tsohuwa, Kira Marigo, ce ke daidai kan tsohuwar tsagar (mu nan Kira muke ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Kir). Suka rushe rabinta suka sake ginawa taku biyu a gefe, aka sami ƙofa a tsakiya. Awaki suka ga abin nema ya samu, suka fice a jere suka faɗa gonar inabin Barba Fotis, suka bar masa sanduna kawai.

Kafin la'asar Kira Marigo ta iso da sandarta, baƙaƙen kayanta duk ƙura.

"Kir Pelopidas, fito."

"Sannu Kira Marigo, na ji abin da ya faru. Ikon Allah, tsaga ta motsa. Mai tafiyar kaguwa ce, sai a yi haƙuri."

"Tsagar taka sigari take sha? Ga guntaye nan na tsinto a gindin katanga."

"Ai zafin ƙarƙashin ƙasa kan fito da abubuwa iri-iri."

"Da ta gaji kuma ta zauna ta ɓare min lemo uku, ta yi fitsari a jikin bishiya. Da idona na gan ta, har da gashin baki."

"Masana ma sun ce kowace tsaga da kamanninta."

Sandar ta same shi a kafaɗa kafin ya rufe baki. Ya shiga gida yana cewa duk wanda ya kawo ci gaba haka ake yi masa.

Washegari Stamatis ya zo yana sosa ƙeya. Ya ce ya tuna a ƙasan allon an rubuta cewa duk tsagogin yankinmu masu zamewa ƙasa ne, ba mai tafiyar kaguwa ko ɗaya.

"Me ya hana ka faɗa jiya?"

"Kai ke magana, yaya."

Sai suka koma kan tsohuwar masussukar gari, wadda aka shimfiɗe da duwatsu, inda muke rawa ranar bikin waliyyinmu. Suka ɗaye rabinta, suka kwashe ƙasa, suka mayar da duwatsu, aka sami tudu da kwari. Sai da suka gama Stamatis ya tsaya ya karkata kai.

"Yaya, ɓangaren da ke wajen teku ya kamata ya sauka. Mu na wajen dutse muka saukar."

"To?"

"Ta zama mai hawa ke nan."

Wani ne da ya ji kunya, ban da Pelopidas. Da tsofaffi suka taru suna kallon inda za su karya ƙafa ranar biki, sai ya hau kan tudun ya buɗe hannuwa.

"Ta Platanaki abu ɗaya ta iya. Tamu a can kaguwa, a nan hawa, ta ukun ma tana hanya."

"Wannan ba tsaga ba ce, 'yar siyasa ce," in ji Barba Fotis.

Saura girgiza. Mu nan in ƙasa ta motsa ba mai duba ƙasa, sama ake dubawa, a ga ko fitilar da ke rataye tana lilo. Pelopidas ya ɗaura wa fitilar gidan abinci zaren kamun kifi, ya zura shi ta tagar kicin, ya sa Stamatis ya tayar da motarsa a bayan bango don a ji ruri. Tsofaffi na tsakar dara sai fitila ta fara rawa. Suka ɗaga kai tare, suka kalle ta, sannan suka sunkuya suka duba kofunansu. Gahawa na kwance ko gezau.

"Girgizar zamani," in ji Barba Fotis. "Daga sama take farawa. Wa ke da wasa?"

Pelopidas ya ƙara ja. Ba wanda ya tashi, don tsohon Kerasuli ba ya barin kujera sai gahawarsa ta zube. Ya tattara ƙarfi ya fizga, fitila ta tsinke da rabin silin, ta faɗo tsakiyar ƙaton kwanon kindirmon da Evdokia ta ajiye ya kwanta. Ya fito a guje yana haki.

"Kun ji ta? Kun ji ƙarfinta?"

Barba Fotis ya share kindirmo daga girarsa, ya dubi zaren da ke naɗe a yatsan Pelopidas.

"Mun ji. Me ka kamo?"

Duk da haka Pelopidas ya buga wa Farfesa Kalliopi waya. Abin da ya gaya mata Allah kaɗai ya sani, an dai jiyo shi yana cewa garin na tafiya gefe-gefe kuma yana hawa sama a lokaci guda. Ta ce tunda hanyarsu ce, ranar Asabar za su ɗan tsaya.

A nan ne wani tunani ya faɗo masa. Tsagar tana can gindin dutse, gidan abincinsa yana nan bakin titi. In motar ta tsaya a can, Evdokia za ta ce ba ƙofarta ba ce, kuma ita ba ta yafe irin wannan.

"Stamatis, jawo ta za mu yi."

"Wa?"

"Tsagar. Har bayan kicin."

Suka fara haƙa rami daga gindin dutse suna gangarowa. Tayar da inji da rana tsaka a garinmu ya fi zagin uwar mutum, don haka tagogi suka buɗe a jere ana yi musu ruwan tsinuwa da ɓawon dankali. Da suka iso bishiyar lemon Kira Marigo, sai ga ta zaune a gindinta da sanda a kan cinya. Tsaga ta yi kwana ta zagaye bishiya ta ci gaba. A bayan kicin Pelopidas ya ce a zurfafa, wai nan ne cibiyarta. Stamatis ya zurfafa har ya tsinke bututun ruwan gari. Ruwa ya yi ta feshi a jikin ramin har ya wanke shi tas, garin kuma ya wayi gari ba na wanke fuska.

Ran Asabar Pelopidas ya sa kwat ɗin aurensa, wadda maɓallinta ɗaya ne ya yarda ya shiga. Garin ya fito kaf, don ba a kiran ɗan Kerasuli kallon abin kunya sau biyu. Har Vangelis ya hauro daga Platanaki ya jingina da motarsa yana sakace. Evdokia kuwa ta gasa akuya biyu, ta yi burodi, ta shimfiɗa fararen mayafan tebur da ta ɓoye tun lokacin aurenta. Ba ta yarda da shirin mijinta ba ko kaɗan, amma ta daɗe tana marmarin ganin ɗakin nan cike da masu ci, har aka ji ta tana 'yar waƙa a kicin.

Motar ta zo, ta rage gudu, ta tsaya cak a ƙofa. Pelopidas ya waiwaya ya tabbatar kowa ya gani.

Farfesa Kalliopi ta sauko, doguwar mace mai furfura da takalmin hawan dutse, ɗalibai na biye. Pelopidas ya wuce gaba yana bayani tun ba a tambaye shi ba. A katangar garke ta tsuguna ta taɓa duwatsu.

"Kir Pelopidas, gansakukar duwatsun nan tana ta ƙasa. Kuma simintin bai bushe ba."

"Sabuwar motsawa ce, ranki ya daɗe. Da ɗuminta."

"Ta zo da simintinta ke nan."

A masussuka ta nuna wa ɗalibai sawun cebur. Suka fara danne dariya suna ɗaukar hoto. Suka bi rami suna gangarowa har bishiyar lemo, a nan Farfesa ta tsaya ta cire tabarau ta goge ido.

"Na ga tsagogi a ƙasashe da dama. Ban taɓa ganin wadda ta yi kaguwa a can, ta hau sama a nan, sannan ta ga bishiya ta ba ta hanya ba."

"Tana da tarbiyya," in ji Kira Marigo. "Ni na koya mata."

Dariya ta ɓarke. Vangelis har da riƙe ciki yana buga bayan motarsa. Barba Fotis, wanda rabonsa da dariya tun rasuwar surukarsa, sai da aka riƙe shi. Pelopidas ya ji ina ma ƙasa ta tsage da gaske ya shige. Ya hango Evdokia a ƙofar kicin tana kwance ɗaurin rigar girkinta a hankali.

"Tsagarku matacciya ce, Kir Pelopidas, Allah ya ba ku haƙuri," in ji Farfesa. "Ku hau mota, yara."

Hanyar komawa wurin mota ta bayan kicin take, ta gefen rami mai zurfi. Farfesa ta leƙa kawai irin na sabo, sai ta tsaya. Ta mayar da tabarau. Ta dira cikin taɓo har gwiwa, ta fito da ƙaramin cokalin magina ta fara kankare bangon da ruwa ya wanke. Dariya ta mutu. A jikin bangon ƙasa ta jeru hawa-hawa, ja da fara da baƙa, kuma a cikin baƙar akwai toka da fasassun tayal ɗin rufi. Layin ya zo tiryan-tiryan, sai ya yanke, ya ci gaba a ƙasa da kusan kamu guda.

"Wa ya taɓa nan?"

"Ni ban da haƙa ba abin da na yi," in ji Stamatis, yana ja da baya.

"Wannan ba aikin cebur ba ne. Tayal ɗin nan na wane gida ne?"

"Na kakan Pelopidas," in ji Barba Fotis. "Ya rushe tun ubana yana yaro."

Farfesa ta kira ɗalibai da hannu.

"Ku matso ku gani. Wata ce daban, ba ta cikin taswirar kowa. Mai zamewa ƙasa ce, kuma ta yanka ƙasar da mutane suka taka jiya-jiya. Wannan rai gare ta, ta ma fi ta Platanaki."

Pelopidas ya kumbura nan take har maɓallin nan ɗaya ya tsinke ya tashi sama.

"Vangelis, ka ji? Ta fi taku. Barba Fotis, ka ji? Ni dama na san tana nan. Katanga da masussuka duk dabara ce, don in jawo Farfesa inda nake so. Ranki ya daɗe, sunana za a sa mata ko na gari? Nawa ya fi daɗin faɗa."

Farfesa ba ta saurare shi ba. Ta fito daga ramin ta miƙe hannu tana bin layin da ido. Hannun ya nuna bangon kicin, ya bi ta ƙarƙashin murhu, ya ratsa tsakanin tebura, ya fita ta ƙofar gaba, daidai inda kujerar Pelopidas take.

"Ginin nan na wa?"

"Nawa ne," in ji shi, amma muryar ta ɗan sauka.

"A kan bakinta yake zaune, rabi a wannan ɓangare, rabi a wancan. Kuma ramin nan naka ya kwashe ƙasar da ke tallafe da bangon. Ba ɗalibina da zai shiga ciki, ku ma kada ku kwana. Yau zan sanar da hukuma."

Evdokia ta tako har gaban mijinta.

"Tun ina amarya nake gaya maka mai yana taruwa gefe ɗaya a kasko. Ka ce hannuna ne a karkace."

Ba a bar nama ya lalace ba, don mu ba ma haka. Vangelis, cikin ladabin da ya fi mari ciwo, ya ce teburansa na nan a shirye. Matan gari suka shiga da sauri suka fito da akuya da burodi da fararen mayafai aka loda a motar ɗalibai. Daga ƙarshe Evdokia ta fito da akwati a hannu ɗaya, babbar tukunyarta a ɗaya.

"Direba, daga Platanaki ta Patras za ku bi?"

"Ta nan za mu bi, Kira."

Pelopidas ya sha gabanta.

"Evdokia tawa, ba haka muka yi ba. Cewa kika yi in mota ta tsaya a ƙofar nan. Ga ta a tsaye, kowa shaida ne."

"Ta tsaya," in ji ta. "Ina kicin ɗin?"

Ta hau ta zauna a kujerar gaba, ta ɗora tukunya a cinya. Motar ta gangara da ƙamshin nama, Vangelis na biye yana danna oda. Pelopidas ya tsaya tsakanin rami da ƙofa da kwat a buɗe, ya juyo wurin tsofaffi.

"Ai na faɗa muku za ta tashi."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo. Barba Fotis ya naɗe allon dararsa ya sa a hammata, sauran suka ɗauki kofunansu, aka fara shawarar inuwar da za a koma. Stamatis ne kaɗai ya rage, yana juya makullin motarsa.

"Yaya, yau a ina za ka ci abinci?"

Pelopidas ya buɗe baki, ya gyara gashin baki, ya sake buɗewa. Duk tsawon zamana a Kerasuli, ranar ce kaɗai aka tambaye shi abu ya ce bai sani ba.